Harafin da Ke Bayan Lambar Yabo

Shekarun baya can, tun kafin in koma aikin gadin da nake yi yanzu, na yi tuƙi a wani gida a unguwar Al Aziziya, cikin birnin Doha. Masu yawan tambayata me ya haɗa ni da tsofaffin lambobin yabo na sojan ƙasashen gurguzu, ni mutumin Funtuwa da ko faretin firamare ban taɓa yi ƙafata ta zo daidai da ta mutane ba, to yau ga amsarku.

Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, likita ne, asalinsu mutanen Adan ne ta ƙasar Yaman, amma ya daɗe a Doha. Aikina bai da yawa. In je cefane Abu Hamour, in kai matar gidan inda za ta, sannan in kula da zirga-zirgar mahaifinsa, wato masallaci da asibiti. Tsohon ya haura saba'in, dogo ne siriri, ciwon suga ya cinye masa ido har ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Da Larabcin Islamiyya da na zo da shi, da wanda na tsinta a titi, da ɗan Turancin da ke bakinsa, muka riƙa fahimtar juna.

Na yi kamar wata biyu a gidan kafin ya kira ni ɗakinsa wata safiya. Ya ce in jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gado. Da na buɗe sai na ga faranti-faranti an shimfiɗa musu jan ƙyalle, an jera lambobin yabo reras. Ga jajayen taurari, ga guduma da lauje, ga wasu da rubutun da ban san ta inda ake fara karanta shi ba. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da babban yatsa yana faɗa mini. Wannan ta Tarayyar Sobiyet ce, wannan ta Jamus ta Gabas, wannan ta Yugoslabiya. Ya ce, "Duk waɗannan ƙasashen babu su yanzu, ɗana. Har da tawa. Ni manjo ne na sojan ƙasar da ba ta cikin taswira."

A ranar na fara jin cewa an taɓa yin Yaman biyu, kuma ta kudun gurguzu ta bi. Ba zan ɓoye muku ba, da na fito daga ɗakin sai da na je na wanke hannuna da sabulu. A karatun da na taso da shi, mutanen nan su ne masu cewa babu Allah. Kwana biyu ina juya abin a raina, har na kasa haƙuri na tambaye shi a hanyar masallaci. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Manya ne suke faɗin haka a kan mumbarin taro. Mu kuwa a bayan babbar mota muke shimfiɗa kwali mu yi sallarmu. Yalla, tuƙa, kar mu rasa sahun farko."

Daga nan aikina ya ƙaru. Kullum da hantsi, bayan ya sha shayinsa mai madara da citta, sai in zauna a gefensa da waya in buɗe shafukan masu sayar da irin waɗannan kaya. Ni ne idonsa. In gaya masa kalar ƙyallen, yawan tsinin tauraron, ko fentin ya ɓare ko bai ɓare ba. Shi kuma ya gaya mini ta wace ƙasa ce da abin da mutum yake yi a ba shi ita. Wani lokaci yakan ce, "Wannan jabu ce, bara aka ƙera ta," alhali bai gani ba, daga bayanina kawai. Sannu a hankali na fara gane su da kaina. Ranar Juma'a idan na je Bin Omran cin tuwo wajen 'yan uwa, ba ni da hira sai ta taurari. Wani abokina ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani kanti, shi ya laƙaba mini Kwamared, sunan ya bi ni har yau.

Akwai abu ɗaya da na lura da shi. Duk sanda muka ci karo da lambar Yaman ta Kudu, musamman wata mai tauraro a tsakiya da ƙyalle mai ratsin shuɗi, sai Baba ya gyara zama. Ya ce, "Nemi hoton bayanta." Ya taɓa kama hannuna ya zana mini wani harafi a tafi da yatsansa, da'ira ce da aka soke da sanda daga sama zuwa ƙasa, kamar an tsire lemo da tsinke. Ya ce harafin Rashanci ne, farkon sunansa, kuma da ƙusa aka karce shi. In duba, in ce babu. Sai ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni a zatona irin godiyar mai haƙuri ce, ta wanda ya nema bai samu ba. Har tausayinsa nake ji, ina ƙara ƙwazo wajen nema.

Wata rana muna dawowa daga asibiti, cunkoso ya riƙe mu, ya ba ni labarin. Suna samari aka tura su karatun soja Rasha, shi da wani abokinsa da suka taso unguwa ɗaya. Ɗaki ɗaya suka zauna, suka sha sanyi tare, har kwat ɗaya suka taɓa yin karɓa-karɓa da ita da aka sace ta ɗayansu. Bayan sun dawo gida an ba su lamba iri ɗaya a rana ɗaya, kowa ya karce harafin sunansa a bayan tasa don kada su cakuɗe. Shekaru suka wuce, manyansu suka juya wa juna bindiga, aka wayi gari shi da abokin suna ɓangarori biyu. Ɓangaren Baba aka ci da yaƙi. Ya ɗauko matarsa da ɗansa, wato likitan nan yana ƙarami, ya nufi tashar jiragen ruwa cikin kayan farar hula. Wanda ya tarar yana tsaron ƙofar tashar abokin nan ne.

"Ya gane ni tun daga nesa," in ji Baba. "Sunana yana cikin takardar da ke hannunsa. Ya ja ni gefe kamar zai caje ni, ya laluba aljihuna ya ciro lambata, ya saka mini tasa. Ya ce in wuce kar in waiwaya."

Ya sa hannu a aljihun gaban jallabiyarsa ya fito da ita a cikin wani ɗan ƙyalle. Ashe kullum tana jikinsa. Ya ce da farko bai rubuta wasiƙa ba don wasiƙar wanda ya gudu tana iya jawo wa mutum kisa. Daga baya, da abubuwa suka lafa, kunya ta hana shi, don bai san me aka yi wa abokin a kansa ba. Daga baya kuma wani yaƙin ya zo, unguwarsu ta watse, wanda zai tambaya ma babu.

Na ce, "To Baba, in sha Allahu za mu samo taka."

Ya ce, "Kar Allah ya sa. Mutumin nan ba zai sayar da ita yana da rai ba. Ranar da ka gan ta a kasuwa, ranar zan yi masa salatul ga'ib."

Sai a lokacin na fahimci alhamdu lillahin nan.

Bayan kamar wata huɗu, wata safiyar Talata, na gan ta. Wani mai shagon tsofaffin kayan tarihi a Alƙahira ne ya ɗora hotuna. Gaba, tauraro da ƙyalle mai ratsin shuɗi, ya koɗe. Baba ya ce in duba baya. Na matsa hoto na biyu, na buɗa shi da yatsu biyu. Ga da'irar, ga sandar, karcen ƙusa a karkace, daidai yadda ya zana mini a hannu. Na ɗago na dube shi. Yana zaune ya karkato kunne wajena, kofin shayi a hannunsa, satin nan ma aka sallamo shi daga asibiti bayan sugansa ya hau.

Na ce, "Babu komai, Baba. Sumul take."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kurɓi shayinsa.

Na gaya wa kaina taimakonsa na yi. Tsoho mara lafiya, me zai ƙara masa in ya ji mutuwar da ba zai iya yin komai a kanta ba? Kwana ya bi kwana, muna zamanmu na hantsi kamar kullum, amma ni na daina jin daɗinsa. Idan ya miƙo hannu in kama shi mu hau matakalar masallaci, sai in ji kamar hannun nawa ba shi da tsabta. Abin da ya fi damuna, bayan kowace salla yakan yi wa abokin addu'a da ɗan ƙarfi, ya ce Allah ya ƙara masa lafiya, ya rufa masa asiri. Ina gefe ina cewa amin, ina ganin na san abin da bai sani ba.

Sati uku na yi a haka, saura kwana biyu. Ranar Juma'a a Bin Omran na kasa cin abinci, abokina na Kumasi ya ja ni waje ya ce, "Kwamared, mene ne? An kore ka ne?" Na kwashe duka na gaya masa. Mutum ne mai wasa, amma ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan uwa, mutumin nan ba tausayi ya ɗauke ka yi ba. Ido ya ara a wurinka. In ka ga abu ka ce ba ka gani ba, to makanta biyu ke nan ka haɗa masa. Je ka faɗa masa, khalas, shi ke nan."

Washegari bayan la'asar, muna cikin mota a ƙofar masallaci, na ƙi tayar da injin. Na ce, "Baba, na yi maka ƙarya." Na faɗi komai, da ranar, da hoton, da dalilina. Na zaci zai ce a mayar da ni Najeriya. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya share fuska da gefen rawaninsa. Sannan ya ce, "Nemo mini mai shagon. Ina so in san inda aka binne shi."

Na aika saƙo, mai shagon ya kira da kansa. Ya ce lambar kam an saye ta kwana goma da suka wuce, wani Bature ya ɗauke, ta riga ta bar ƙasar. Baba ya karɓi wayar ya ce shi ba ƙarfen ne ya dame shi ba, wa ya kawo ta? Mutumin ya ce wata mata ce 'yar Yaman, ta zo da ita tare da agogo da wasu tsofaffin hotuna. Ta ce mahaifinta ta kawo Alƙahira wankin ƙoda, abin hannunsu ya ƙare.

Baba ya ce, "Mahaifin nata ya rasu ne?"

Mai shagon ya ce, "Wane irin rasuwa? Ai a keken guragu ta turo shi har ƙofar shagona, yana ta yi mata faɗa wai ta sayar da agogon ta bar lambar."

Ban taɓa ganin Baba ya yi irin wannan dariyar ba. Dariya yake hawaye na zuba, yana dukan cinyarsa yana cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne, mai taurin kan tsiya!" Allah ya taimaka matar ta bar lambar wayarta a shagon, don ta ce za ta sake kawo wasu kaya.

Da hantsin Lahadi aka yi kiran, na bidiyo. Baba ya sa aka guge masa farar jallabiya, ya fesa turare kamar mai zuwa Idi. Likita ya fasa zuwa aiki ya tsaya a bakin ƙofa. Ni na riƙe wayar. Da fuskar ta bayyana, Baba ya damƙe hannuna ya ce ƙasa-ƙasa, "Gaya mini yadda yake." Na ce tsoho ne ramamme, gemu fari fat, haƙoran gaba babu, da hula saƙaƙƙiya a kansa. Ya ce, "Kunnen hagu fa?" Na duba na ce akwai tsaga a samansa. Ya gyaɗa kai.

Can ɓangaren tsohon ya ƙura wa wayar ido, ya faɗi wata kalma da Rashanci. Baba ya mayar masa da wata. Daga baya na tambayi ma'anarsu, Baba ya ce ba irin maganar da ake fassara wa mai alwala ba ce. Suka koma Larabci. Abokin ya ce, "Ɓarawon kwat, ashe kana nan?" Baba ya ce, "Kwat ɗin tawa ce, taka aka sace." Suka yi ta musu a kan wannan kwat kamar jiya abin ya faru.

Baba ne ya canza maganar. Ya ce, "Me suka yi maka bayan na wuce?"

Ya ce, "Shekara biyu a tsare. Ba komai, abinci ma ya fi na bariki."

Baba ya ce, "Ka yafe mini. Ban rubuto ba, ban nema ba."

Ya ce, "Ni na ce kar ka waiwaya. Sau ɗaya a rayuwarka ka bi umarnina, yanzu kuma za ka ba ni haƙuri a kai?"

Na juya na dubi bakin ƙofa. Likita ya zo ya karɓi wayar, ni na fita tsakar gida na tsaya kusa da mota ina goge gilashin da ba shi da datti.

Daga ranar kullum sai sun yi waya. Likita ya ɗauki nauyin jinyar ba tare da an roƙe shi ba. Baba ya kafe sai ya je Alƙahira da ƙafarsa, ya ce yana so ya taɓa fuskar mutumin nan da hannunsa tunda ido ya ƙi. Matsalar ita ce fasfonsa ya daɗe da mutuwa, sabuntawa kuma ga ɗan ƙasar da ke cikin yaƙi ba abu ne na kwana biyu ba. Na yi ta kai shi ofis-ofis, a ce mu dawo jibi, mu dawo a ce wani satin. Da ƙyar aka gama, aka yanki tikiti, har da ni a tafiyar don in riƙe masa hannu. Na sayi sabon takalmi.

Saura kwana takwas mu tashi, 'yar ta kira da safe. Jikin mahaifinta ya rikice a wajen wankin ƙodar, Allah ya karɓi abinsa.

Kun ga lissafin da na yi ta yi a raina ba sai na faɗa ba. Kwana goma sha tara na yi shiru, kwana takwas suka rage. Na kasa haɗa ido da Baba, duk da na san ba ganina yake ba. Shi ya gane da kansa, don na rage magana a mota. Wata rana a hanyar Abu Hamour ya ce in tsaya a gefen titi. Ya ce, "Ɗana, na san abin da kake ƙirgawa. Ka bari. Ni shekara talatin da wani abu na yi shiru, wa zai ƙirga mini nawa? Na ji muryarsa wata biyu cur. Da ba ka faɗa ba, da ko kwana ɗaya ban samu ba." Na ce to. Amma gaskiya har yau ban gama bari ba.

Lambar abokin, wadda Baba ya yi shekaru yana yawo da ita a aljihu, ya sa aka kai wa 'yar, ya ce gadonta ne. Bai ƙara cewa in buɗe masa shafin masu sayarwa ba. Zaman hantsin dai bai mutu ba, sai ya koma ba ni labarin Adan, titi bayan titi. Bayan shekara guda likita ya samu aiki a wata ƙasa, gidan ya tashi. Ranar da za su tafi Baba ya danƙa mini wani ɗan baji na sojan Sobiyet mai hoton babbar mota a jiki. Ya ce na gwanin direba ne, ya ba ni duk da sau biyu ina goga motar ɗansa a ginshiƙin ƙofa. Ya shafa kaina da fuskata, ya ce in gaida mahaifiyata. Bayan wata goma sha ɗaya likita ya turo mini saƙo cewa Baba ya rasu, ranar Juma'a, cikin sauƙi.

Wannan bajin shi ne na farko. Yanzu ina da goma sha huɗu, duk masu araha, a cikin gwangwanin alewa. Da na je hutu gida matata ta gan su ta ce wai marufan kwalba nake tarawa a ƙasar mutane. Ban yi musu ba. Kowace ɗaya in na riƙe ta nakan tuna wani ne ya tsaya a rana aka maƙala masa ita a ƙirji, ya koma gida yana murna, kuma akwai dalilin da ya sa ta bar gidan.

Abin da na koya bai da yawa. Na daina yanke wa mutum abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. In an aike ni in gani, abin da na gani shi nake faɗa, ko da muryata za ta yi rawa.

Sauran kuwa kewa ce kawai. Wajen aikina na yanzu tsayuwa ce ta awa goma sha biyu a ƙofar wani gini, mutane suna wucewa ba wanda yake tambayata me na gani. Wani lokaci idan iska ta kaɗo daga teku sai in tsinci kaina ina tunanin Adan, garin da ban taɓa takawa ba. Na san akwai wani mai shayi a gindin dutse da yake zuba kanumfari fiye da kima. Na san layin da in ka bi shi da yamma za ka ji ƙanshin gasasshen kifi tun kafin ka hango ruwa, da gidan nan mai koriyar taga inda yara biyu suke hawa katanga su ƙirga jirage. Wataƙila yaƙi bai bar ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka na yi niyya, in Allah ya kawo musu zaman lafiya ina da sauran ƙarfi, zan je in nemi layin nan, in zauna in sha shayi, in yi wa tsofaffin nan biyu addu'a a garinsu.

Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda ba a rabuwa.